Kundin Lambobin Tarho

A Kuldiga, can ƙasar Latbiya,
inda kogin Venta ke zubowa a faffaɗe kamar an shanya zane,
mahaifiyata Mirdza ta bar mini gida,
da kyanwa mai ido ɗaya,
da kundin lambobin tarho a ƙarƙashin dutsen guga biyu.

Tarhon kansa an daɗe da cire shi.
Kundin ne ya ƙi ritaya.

Kwanakin ɗumi a nan baƙo ne mai sauri,
ko takalmi ba ya cirewa.
Don haka take fita lambu da almakashi,
amma sai raɓa ta kama gabanta.
"Fure mai jiƙa ruɓewa yake," in ji ta,
"busasshe ne kaɗai ya iya tsufa."
Ta shimfiɗa shi tsakanin shafi da shafi,
ta danne, ta manta da shi da gangan,
mako uku, wani lokaci huɗu.
Ina yarinya na taɓa leƙawa kafin lokaci.
Furen ya rabu biyu, rabi nan, rabi can.
Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Kin ga abin da gaggawa ta haifa."

Bana dusar ƙanƙara ta rufe lambun har wuyan shinge.
Na ɗage dutsen gugan, na buɗe.

Furen tuffa a shafi na tara, ya koma launin shayi.
Furen wake, siriri kamar fiffiken fara.
Wardi ɗaya da ta ware ganye-ganye,
don mai kauri ba ya danno sai an rarrashe shi.
Furen dankali ma, wanda ba mai kallonsa sau biyu.

Sai a dare na uku na gane
ba a ko'ina take ajiye su ba.
Kowane fure yana kwance a kan suna,
da ɗan ɗigon fensir a gefe.
Shuɗi a kan Austra Upmale, wadda suka yi shekara goma ba sa gaisawa
saboda reshen da ya tsallake katanga.
Furen dankali a kan Zigurds mai gyaran murhu.
Ganyen karas a kan likitan haƙori, wannan kam ban san dalili ba.

Na nemo matsefatarta, da gam, da buroshi mai gashi biyar.
Hannuna ba nata ba ne.
Na karya bakwai kafin na koyi riƙe numfashi.
Na yi katuna, na yi alamar shafi,
na manna wardin a jikin hular fitila,
da na kunna sai jijiyoyinsa suka fito
kamar bayan hannunta a ƙarshen kwanakinta.

Na bi gari ƙofa-ƙofa cikin sanyi.
Zigurds ya riga ta tafiya, ɗansa ya karɓa.
Gida biyu an sayar.
Austra ta juya katin, ta sake juyawa,
ta ce, "Daga gefena ta tsinko wannan, ɓarauniya,"
sannan ta rufe fuska da gyale,
ta ja ni ciki ta ɗora ruwan zafi.

Sunana ba ya cikin kundin.
Na bar garin tun kafin a buga shi,
ban kuma cika kira ba.
Amma a bangon baya, inda babu lambar kowa,
ta rubuta "Spodra" da hannunta,
ta ɗora toho, wanda bai kai ga buɗewa ba.

Shi ban manna shi a komai ba.
Na mayar da dutsen gugan.
Kyanwar ta hau kai ta kwanta,
ta ƙara masa nauyi.